Tsohon zanen tsauni zai iya tsayawa shaida a kan sauyin yanayi?

Malam_Burushi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina koyar da zane a wata sakandare a Kano, kuma akwai abin da ya hana ni barci jiya. Wani abokina ya turo min hotuna biyu. Na farko zanen fenti ne na wani mutumin Suwizalan mai suna Caspar Wolf, wanda ya yi a shekarun 1770. Ƙanƙara ce ta gangaro daga tsauni kamar kogin da aka daskarar, ta iso har gefen makiyayar wani ƙauye da ake kira Grindelwald, mutanen da ya zana kusa da ita kamar tururuwa. Na biyun hoton waya ne na wannan kwarin a yau: kwazazzabo, dutse tsirara, ruwa na gudu a ƙasa. Ƙanƙarar ta ja da baya ta shige can cikin tsauni.

Shekara nawa muna jin maganar ɗumamar yanayi a rediyo, amma ba ta taɓa shiga jikina kamar yadda zanen nan ya shigar da ita ba. Ni dai na ce wannan zane shaida ne, irin wanda ake kira gaban alƙali. Abokina ya ce a'a, mai zane maroƙi ne mai burushi, wanda ya biya shi yake yi wa kirari. Ku raba mu.

Ummu_Khalifa:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, a fahimtar da mu da ba mu taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firiji da wadda ke zubowa da damina. Yaya ƙanƙara za ta yi tafiya kamar kogi?

Baffa_Jogurafi:
Ummu_Khalifa, 'yata, ki ɗauke shi kamar rumbu. A saman tsauni dusar ƙanƙara na zuba da hunturu, ba ta narkewa duka da bazara, ta bana ta hau kan ta bara. Shekara da shekaru nauyi na danne ta har ta koma ƙanƙara mai tauri, sai nauyin ya riƙa tura ta gangare a hankali, yadda kunu mai kauri ke bin bakin ƙwarya. A ƙasa inda ake da ɗumi bakinta na narkewa. In abin da ke shiga rumbun ya fi abin da ake ɗiba, bakin ya ƙara gaba. In ɗiba ta fi zubi, ya ja baya. Shi ya sa wurin da bakin kogin ƙanƙara ya tsaya a wata shekara yake ba da labarin yanayin shekarun da suka gabace ta.

Ɗan_Sabon_Gari:
Ni ina bayan abokinka, Malam. Waye ya ɗauki nauyin Wolf ɗin? Wani mai buga littattafai ne a birnin Bern, Abraham Wagner, wanda ke son sayar wa masu kuɗi hotunan tsaunuka. To mai sayarwa zai so a zana masa ƙaramar ƙanƙara? Dole a kumbura ta, a ƙanƙantar da mutane, don mai kallo ya riƙe baki. Akwai ma Ba'amurke Frederic Church da ya yi wani shahararren zanen tsaunukan Andes na Kudancin Amurka a 1859, wanda babu wuri guda a duniya da za ka tsaya ka ga haka, harhaɗa wurare daban-daban ya yi a allo ɗaya. Irin wannan za ka kai gaban alƙali?

Malam_Burushi:
Ɗan_Sabon_Gari, na yarda da maganar Church. Amma don wani mai shaida ya yi ƙari ba a rufe kotu.

Injiniya_Sadiq_Zurich:
Salamu alaikum. Ina karatu a Suwizalan, kuma wannan gardamar taku masana sun riga sun yi ta, sun kuma samo mata hanya. Akwai wani malami a Jami'ar Bern, Heinz Zumbühl, wanda tun 1980 ya fitar da bincike a kan ƙanƙarar Grindelwald ɗin nan da Malam ke magana. Ya tattara tsofaffin zane-zane da taswirori da hotunan wurin, sama da 300 waɗanda aka yi kafin 1900. Bai karɓi kowanne da ido rufe ba. Sai ya tabbatar da shekarar da aka yi zanen. Sai ya tabbatar mai zanen ya je wurin da ƙafarsa, ba kwafar na wani ya yi a ɗaki ba. Sannan a nemo daidai inda ya tsaya, a duba duwatsun da ba sa motsi, ƙololuwar tsauni, wani falalen dutse, wata tsaga, a ga sun zauna inda ya ajiye su. In duwatsun sun yi daidai, to akwai dalilin amincewa da inda ya ajiye bakin ƙanƙarar. Bayan haka a gwada da tulin tsakuwa da duwatsun da ƙanƙara ke turowa ta bari a inda ta tsaya, waɗanda har yau suna nan.

Wolf ya tsallake wannan tantancewa. Yana hawa tsaunin ya yi zanen farko a wurin, ba a gida ya zauna ya ƙirƙiro ba. Haka ma Samuel Birmann ɗan Basel, wanda ya zana wannan ƙanƙara a 1826, aikinsa kamar na safiyo.

Alƙali_Mai_Ritaya:
Abin da yaron nan Sadiq ya kawo shi muke kira tazkiyar shaidu. Ba a cewa duk mai shaida maƙaryaci ne, ba a kuma cewa duk mai gaskiya ne. A binciki halinsa, a tambaye shi ina ya tsaya, yaushe, me ya gani, a haɗa da maganar wani. Allah Ya yi maka albarka ɗana.

Ɗan_Sabon_Gari:
Ranka ya daɗe, na ji. Amma ga wata. Ko da zanen gaskiya ne, me ya tabbatar? An yi shi ne a lokacin da Turai ke cikin wani dogon zamanin sanyi, wanda ya ƙare wajen 1850. Ƙanƙarar ta fara ja baya tun kafin motoci su cika duniya. To wa ya ce ba juyin da Allah Ya saba yi ba ne, sanyi ya zo ya wuce, zafi ya zo ya wuce?

Baffa_Jogurafi:
Tambayarka mai kyau ce, ƙanena, kuma rabinta gaskiya ne. Zane ba zai faɗa maka dalili ba, iyakarsa ya ce maka ga inda ƙanƙara take a shekara kaza. Dalili sai an koma ga awo. Ja bayan farko bayan 1850 akwai hannun ƙarewar wancan zamanin sanyi a ciki. Amma duba abin da ya biyo baya. Iskar kabon da ke sararin sama kafin zamanin masana'antu tana wajen kashi 280 ne cikin miliyan, yau ta haura 420. Kuma gudun narkewar ya canja: masu awon ƙanƙara a Suwizalan sun ce a 2022 da 2023 kaɗai ƙasar ta rasa kashi 10 cikin 100 na dukkan ƙanƙarar da ta rage mata. Shekara biyu fa. Sannan ba a Turai kaɗai ba, a Andes, a Himalaya, a Alaska, a gabashin Afirka, duk lokaci guda. Komai da ikon Allah yake, amma Allah Ya sanya wa abubuwa sababi, kuma hayaƙin gawayi da fetur da gas shi ne babban sababin wannan.

Hauwa_Grenoble:
Bari in ba ku abin da idona ya gani. Shekarun baya ƙawayena na makaranta suka ja ni garin Chamonix na Faransa, muka hau ɗan jirgin ƙasan nan mai hawa tsauni zuwa Montenvers don ganin Mer de Glace, wato Tekun Ƙanƙara da Faransanci. Kafin tafiyar na ga zanen da Turner na Ingila ya yi bayan ya je wurin a 1802, ƙanƙara ta cika kwari tana tashi kamar igiyar ruwa. Da wannan hoton a kaina na je. Da muka sauka daga jirgi sai na leƙa ƙasa na ce ina tekun? Can ƙasa sosai wani abu ne launin toka, tsakuwa ta lulluɓe shi. Sai da muka sauka matakala sama da 500 kafin mu taɓa ƙanƙara. A jikin dutsen an kafa ƙananan alluna masu shekaru, nan take a 1990, ka yi ta sauka, nan take a 2005, ka yi ta sauka. Wallahi ƙafafuna rawa suke, ba don gajiya kaɗai ba. Wata tsohuwa 'yar garin da muka haɗu a hanya ta tsaya tana kallon allon 1990 ba ta ce komai ba, idonta ya kawo ruwa.

Da ban ga zanen Turner ba, da na ɗauka haka wurin yake tun asali.

Malam_Burushi:
Hauwa, jimlarki ta ƙarshe ita ce abin da nake ta ƙoƙarin faɗa tun ɗazu. Wanda aka haifa ya tarar da fili bai san an taɓa yin kurmi a wurin ba.

Sani_Studio:
Ni mai ɗaukar hoto ne a Zariya. Kun tuna labulen bango da muke sa wa a bayan amarya da ango, mai farin tsauni da koren ciyawa da ruwa na zuba? Har kalandar da ake rabawa a shaguna. Mun yi shekaru muna tsayar da mutane gaban tsaunukan nan ba mu san sunansu ba. Yanzu ka ce min farin da ke kansu na tafiya. Abin ya taɓa ni.

Ɗalibar_Ilimi:
Don Allah Malamai, shi zanen ma ya halatta? Mijina ba ya son a rataya zane a falo.

Ustaz_Gwale:
'Yar'uwa, saɓanin malamai a kan zanen abu mai rai ne. Tsauni da bishiya da ruwa babu laifi. Ya zo a Buhari da Muslim cewa wani mai sana'ar zane ya je wa Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, ya ce masa in dole ne sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Amma zancen falonku ku daidaita da maigida cikin mutunci.

Ɗan_Sabon_Gari:
Mu koma kan magana. Ina da wani misali da ke nuna haɗarin dogaro da zane. Ana yawan nuna zane-zanen da mutane ke cin kasuwa a kan kogin Thames na Landan ya daskare, a ce dubi yadda duniya ta ɗumama, tun 1814 ba a sake yi ba. Alhali tsohuwar gadar Landan mai ƙananan ƙofofi ita ke tare ruwan har ya samu damar daskarewa. Da aka sauya ta a 1831, daga baya kuma aka gina bangon gaɓa, ruwa ya ƙara gudu. Ka ga zanen gaskiya ne amma fassarar da aka yi masa ta karkace.

Injiniya_Sadiq_Zurich:
Yaya, wannan kam ka kawo. Shi ya sa na fi amincewa da zanen ƙanƙarar tsauni a kan zanen hunturun birni. Ba wanda ya rushe gada a saman Grindelwald. Kuma zanen hunturu, irin wanda Bruegel ya yi na mafarauta cikin dusar ƙanƙara a 1565, rana ɗaya ce ko wata ɗaya ya kama, bakin kogin ƙanƙara kuwa tarin shekaru ne.

Ga wani abu da ba zane ba amma ya dace a nan. Mutanen ƙauyukan Fiesch da Fieschertal, kusa da Aletsch wadda ita ce ƙanƙara mafi tsawo a tsaunukan Alps, sun yi bakance tun 1678 cewa za su riƙa fita addu'a kowace shekara don ƙanƙara ta daina matsowa tana cinye musu makiyaya. A 2009 suka nemi izinin Fafaroma su juya addu'ar, aka ba su a 2010. Yanzu roƙonsu kada ta ƙare.

Maman_Twins_Arusha:
Duk kuna ta Turai, ga namu a nan kusa. Aure ya kawo ni Tanzaniya, in gari ya yi wasai muna hango Kilimanjaro daga hanyar Moshi. Masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido zane a bakin titi har yau farar hula suke sa wa tsaunin har kunne, da raƙumin dawa da giwa a gaba. Ka ɗaga kai ka kalli na gaske, ɗan fari ne tsilli-tsilli, sai in an yi sabuwar zuba ta 'yan kwanaki. Na tambayi wani yaro mai zane don me ba ya zana shi yadda yake, ya ce Mama, ba wanda zai saya.

To Malam_Burushi, in bayan shekara 200 wani ya tsinci zanen yaron nan, me zai ce?

Malam_Burushi:
Hajiya, kin kama ni. Zai ce a zamaninmu tsaunin cike yake da ƙanƙara, kuma ƙarya ce. Sai dai in ya bi hanyar da Sadiq ya faɗa, zai gane yaron bai zana abin da ya gani ba, abin da ya gada ya zana.

Baffa_Jogurafi:
Tun da Maman_Twins ta kawo mu gida, bari in ƙara. A 1848 wani Bajamushe ɗan mishan, Johannes Rebmann, ya ba da labarin ya ga farin abu a kan Kilimanjaro, wasu masana a Landan suka ƙaryata shi, suka ce ƙanƙara ba ta zama kusa da tsakiyar duniya. Hans Meyer da Ludwig Purtscheller suka kai ƙololuwar a 1889, kuma da Meyer ya koma a 1898 da mai zane ya tafi, Ernst Platz, don ya kama abin da kyamarar lokacin ba ta iya kamawa, musamman launi. Awon da aka yi daga baya ya nuna tsakanin 1912 da 2007 kusan kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunin ta tafi. Amma gaskiya ɗaya ce, a Kilimanjaro ba zafi kaɗai ba ne. Can sama, mita 5,895, sanyi na nan. Ƙarancin laima da ƙarancin zubar sabuwar dusar ƙanƙara na da babban hannu, rana na cin ƙanƙarar ta koma tururi ba tare da ta zama ruwa ba. Wannan ma zane ba zai faɗa maka ba.

A tsaunukan Rwenzori, kan iyakar Yuganda da Kwango, hotunan da Vittorio Sella na Italiya ya ɗauka a 1906 su ne ma'aunin da ake komawa gare shi. A 2022 kuma Hukumar UNESCO ta ce ana hasashen ƙanƙarar Kilimanjaro da ta tsaunin Kenya za su ƙare zuwa 2050.

Bakura_Bosso:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Mu da muka taso a gaɓar Tafkin Chadi muna da tamu ƙanƙarar da ta narke. A farkon shekarun 1960 tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, bayan farin 1973 da na 1984 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Ya ɗan farfaɗo daga baya, amma bai koma yadda kakana ya san shi ba. Kakana yana nuna min inda suke ɗaure kwalekwale, yanzu gona ce. Ba wanda ya zana mana shi. In ya mutu, kuma ya mutu, Allah Ya ji ƙansa, sai a ce labarin tsofaffi ne. Turawa sun yi sa'a suna da Wolf.

Ummu_Khalifa:
Allah Ya ji ƙan kaka, Ya sa ya huta.

Mai_Agadas:
Amin. Amma ɗan'uwa Bakura, kada ka ce ba mu da masu zane. A Dabous, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, babban ya haura mita biyar. Je ka tsaya a wurin yau ka duba ko akwai bishiyar da za ta ciyar da raƙumin dawa. Wancan sauyin ba hannun mutum ba ne, juyawar duniya ce a hankali ta janye damina kudu cikin dubban shekaru. Amma shaida ce, kuma mutanen ƙasar nan suka bar ta.

Malam_Burushi:
Mai_Agadas, na gode. Ka tuna min ma da zanen Kano daga kan Dala da ke cikin littafin tafiyar Heinrich Barth, wanda ya zo garin a 1851. Sai dai shi wannan wani mai zane ne a Jamus ya gyara shi daga ɗan zanen da Barth ya yi, don haka in an kai shi gaban Baba Alƙali sai an yi masa tambayoyi.

Zee_Artsy:
Kun tsaya kan tsofaffi. Masu zane na yanzu fa? Akwai Zaria Forman, tana zana ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika da allin launi, da yatsunta take murzawa, manya-manyan zane da za ka rantse hoto ne. Har jirgin binciken NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta bi don ta gani daga sama. Akwai Jill Pelto, ita kuma layin alkaluman kimiyya take mayarwa gefen tsauni ko saman ruwa a cikin zanenta, mujallar Time ta sa aikinta a bango a 2020. Waɗannan da gangan suke yi, sun san abin da suke son ka ji.

Sani_Studio:
Zaria kuma? 'Yar garinmu ce?

Zee_Artsy:
A'a Yaya Sani, Ba'amurkiya ce, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ɗan_Sabon_Gari:
To a nan ne zan ba ku mamaki. Ni na fi yarda da Wolf a kan waɗannan na yanzu. Wolf bai san akwai wani abu sauyin yanayi ba, ba ya neman ya gamsar da ni komai, abin da ya gani ya burge shi ya zana. Shaidar da bai san za a yi shari'a ba ta fi ƙarfi. Su kuwa na yanzu lauyoyi ne, ba shaidu ba.

Zee_Artsy:
Lauya ma ai ana buƙatarsa, Yaya. Shaida na nan shekara 250, wa ya saurare shi sai da wani ya ɗauko shi ya ajiye kusa da hoton yau?

Hauwa_Grenoble:
Akwai abin da ke damuna da duka biyun. Zanen ƙanƙara kyau gare shi, har wanda ake yi don a tsoratar. Kana kallo kana cewa masha Allah. Amma ranar 28 ga Mayu 2025 da ƙanƙarar Birch ta rufto da duwatsu ta binne kusan dukkan ƙauyen Blatten a Suwizalan, ba kyau a ciki, laka ce da ƙura. Allah Ya sa an kwashe mutanen, wajen 300, kwanaki kafin nan, amma mutum guda ya rasu. A tsaunin Marmolada na Italiya ma, da ƙanƙara ta rufto a Yulin 2022, mutum 11 suka mutu. Sannan ga mutane kusan biliyan biyu da kogunansu ke tasowa daga Himalaya da tsaunukan da ke kewaye da ita. Ban ga zanen da ya nuna manomin da rafinsa ya ƙafe a watan da ya fi buƙatarsa ba.

Bakura_Bosso:
Hauwa, shi ne maganata. A zana mana manomin.

Malam_Burushi:
Ban sani ba ko an raba mu da abokina, don yanzu ya karanta ya ce Ɗan_Sabon_Gari ya fi ni hujja, ni kuma na ce Baba Alƙali ya riga ya karɓi shaidar. Amma ga abin da zan yi. Zangon karatu mai zuwa zan ɗauki 'yan aji biyar mu hau Goron Dutse, kowa ya zana abin da ya gani ta gabas, ya rubuta kwanan wata da inda ya tsaya a bayan takardar. Sadiq, da akwai wani abu kuma da ya kamata su rubuta?

Injiniya_Sadiq_Zurich:
Su rubuta ƙarfe nawa, Malam, da ko an yi ruwa a makon. Su tabbatar akwai abu biyu ko uku marasa motsi a cikin zanen, Dala, hasumiyar masallaci, wata tsohuwar kuka. Kuma a hana su ƙara bishiya don zanen ya yi kyau.

Maman_Twins_Arusha:
Takardar fa ku sayi mai kauri, Malam, kuma kada a ajiye a sito inda gara take. In kun yi ku turo mana a nan, zan nuna wa yaron nan mai zanen Kilimanjaro.